Baƙaƙen Kakanni: Daga Ulan Bato Zuwa Unguwar Rogo

Tun daga watan Janairun 2025, doka ta ɗora wa ma'aikatun gwamnatin Mongoliya fitar da takardun hukuma da rubutu iri biyu. Na farko shi ne haruffan Rasha, waɗanda ake kira Sirilik, da 'yan ƙasar suke karatu da su tun 1946. Na biyu kuwa tsohon rubutun kakanninsu ne, wanda ake jan alƙalaminsa daga saman takarda zuwa ƙasa. Shekarunsa sun haura 800, kuma gwamnatin ƙasar ce da kanta ta fitar da shi daga aji da ofis kusan shekara 80 da suka wuce. Yau ita ce ke kashe kuɗi tana zaunar da ma'aikatanta, har da masu furfura, suna koyon baƙaƙen da aka rubuta tarihinsu da su.

Mongoliya ƙasa ce mai nisa, a maƙale tsakanin Rasha da Sin. Ta fi Nijeriya faɗi nesa ba kusa ba, amma mutanenta wajen miliyan 3 da rabi ne, ba su ma cika yawan da ƙidayar 2006 ta ba Jihar Sakkwato ba. Duk da nisan, Basakkwacen da ya taɓa leƙa ginin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Unguwar Rogo zai ji labarin ya taɓa shi. A can ake ajiye da takardun malaman daular Usmaniyya, wasu da Larabci, wasu da Fulatanci, wasu da Hausa, duk da baƙaƙen Larabci, a gefensu kuma ga fayil-fayil na zamanin Turawa. Ɗalibi zai taso daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da takardar gabatarwa a hannu, ya zauna ya karanta rahoton Razdan da Turanci ba gargada. A miƙo masa waƙar Hausa ta ajami, harshen da ya sha a nono, sai ya tsaya yana juya takarda yana neman wanda zai karanta masa. Wanda zai iya karanta masa ɗin kuwa sau da yawa yana nan cikin unguwa, zaune kan buzu a zaure yana biya wa yara allo, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ana bukatarsa a cikin wancan gini.

Yadda makiyaya suka ari alƙalami

Mu a nan, ta littattafan tarihin Musulunci muka san Mongol, da sunan Tatar. Duk wanda ya zauna gaban malami aka karanta masa tarihin halifofi ya ji yadda Hulaku ya shiga Bagadaza a shekara ta 656 bayan Hijira, daidai da 1258, ya kashe Halifa Musta'asim, da labarin da ake bayarwa cewa ruwan Dijla ya yi baƙi saboda tawadar littattafan da aka zuba a ciki. Saboda haka a zukatanmu Mongol maƙiyan littafi ne. Ba a cika gaya mana cewa a lokacin da suka yi wannan ɓarna suna da nasu rubutun da nasu magatakarda ba.

A 1204 Temujin, wanda bayan shekara biyu aka naɗa shi Jankis Khan, ya ci ƙabilar Naiman da yaƙi. Cikin kamammun akwai wani magatakarda ɗan ƙabilar Uigur mai suna Tatatunga, wanda aka same shi riƙe da hatimin ubangidansa. Jankis bai iya karatu ba, amma ya gane amfanin hatimi da takarda wajen tara haraji da aika umarni. Ya bar mutumin da ransa, ya sa shi koya wa 'ya'yan sarauta rubuta harshen Mongol da baƙaƙen Uigur. Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da suka rage shi ne wani dutse na wajen 1225, wanda aka sassaƙa don tunawa da nisan kibiyar da Yisungge, ɗan ƙanen Jankis, ya harba a wata gasa. Dutsen yana gidan tarihi na Hermitage a Rasha. Akwai kuma wasiƙar da Argun, sarkin Mongol na Farisa, ya aika wa Sarki Filib na Faransa a 1289 yana neman su haɗa kai su yaƙi Mamalik na Masar, tana nan a ma'ajiyar takardun Faransa.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Uigur sun karɓi baƙaƙensu daga Sogdawa, fataken Samarkand da Buhara, ƙasar da daga baya ta haifi Imamu Buhari. Su kuma Sogdawa daga rubutun Aramiyanci suka samo. Rubutun Larabci shi ma daga Aramiyanci ya tsiro, ta hannun Nabaɗawa. Ke nan baƙin da ke kan allon almajiri a Unguwar Rogo da wanda ke kan hatimin gwamnati a Ulan Bato, babban birnin Mongoliya, kaka ɗaya suka haɗa. In ka ɗauki shafin rubutun Mongol ka kwantar da shi a gefe, za ka ga kamannin: baƙaƙen a sarƙe suke da juna, kuma kowanne yana sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Abin da ya raba su shi ne Uigur sun miƙar da layin tsaye, Mongol suka gada a haka, layuka suna bin juna daga hagu zuwa dama.

Kalmar Mongol a rubuce kamar karan dawa take a tsaye, ganye na fita dama da hagu. Layin tsakiyar suna ce masa gadon baya. 'Yan ƙananan layukan da ke fita daga jikinsa akwai haƙori, akwai ciki, akwai ƙaho, na can ƙasa kuma wutsiya. Makiyayi ya dubi baƙi ya ba shi sunan abin da yake gani a garkensa. Haka malaman allonmu suka yi wa baƙaƙen Larabci. Yaro a matakin babbaƙu ba da sunayen Larabawa yake koyonsu ba: ba guje, ha ƙarami, ha mai ruwa, ɗa mai hannu, kaf lasan, lam ara, min jaye, ha kuri. In ya shiga farfaru ya haɗu da wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Al'ummar da ta raɗa wa baƙi suna da bakinta ta riga ta mayar da shi ɗan gida, ko daga ina ya zo.

Ba wannan ne kaɗai rubutun da Mongol suka gwada ba. A 1269 Kublai Khan, jikan Jankis da ya mallaki Sin, ya sa wani malamin addinin Buda ɗan Tibet mai suna Fagspa ya ƙirƙiro sabon rubutu mai kusurwa huɗu, wanda za a rubuta duk harsunan daular da shi. Ta fuskar fayyace sauti ya fi tsohon. An buɗe makarantu dominsa, an buga shi a kan hatimai da takardun kuɗi, an yi ta fitar da umarni cewa lalle a yi aiki da shi. Bai shiga hannun jama'a ba. Da daular Yuwan ta faɗi a 1368, sai ya bi ta, tsohon rubutun da aka so a ture ya ci gaba da zamansa. Bayan nan Zaya Pandita ya gyara tsohon a 1648 domin Mongol na yamma, Zanabazar kuma ya ƙago Soyombo a 1686, wanda alamarsa ta farko ce ke kan tutar ƙasar har yau.

Har ajami Mongol sun taɓa yi. A ƙasashen Musulmi da suka mallaka, musamman bayan Gazan Khan ya musulunta a 1295, malamai sun rubuta kalmomin Mongol da baƙaƙen Larabci. An ƙara fassarar Mongol a wani kwafin ƙamus ɗin Muƙaddimatul Adab na Zamakhshari, mai tafsirin Kashshaf. Wani sarkin Yaman na ƙarni na 14, Al'afdal Abbas, ya tara ƙamus na harsuna shida har da na Mongol, duk da rubutun Larabci.

Sai dai babban littafinsu, wanda ake kira Asirtaccen Tarihin Mongol, da aka rubuta bayan rasuwar Jankis a 1227, asalinsa ya ɓata. Abin da ya iso hannun mutanen yau kwafi ne da jami'an Sin suka yi a ƙarshen ƙarni na 14, suka rubuta sautin kalmomin Mongol da alamomin Sinanci don koyar da tafintoci. Sai da masana suka shafe shekaru suna warware shi kafin Mongol su sake karanta labarin kakansu da harshensa. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk mai riƙe da tsohuwar takarda a rai.

Shekarar 1941 a can, shekarar 1903 a nan

Bayan juyin 1921 Mongoliya ta shiga inuwar Tarayyar Sobiyet. Tsakanin 1937 da 1939, a mulkin Coibalsan, an rushe gidajen ibadar Buda fiye da 700, an kashe dubban malamansu, littattafai masu yawa sun salwanta. A farkon 1941 gwamnati ta ce za a koma haruffan Latin, irin na bokonmu. Ba a yi wata biyu ba ta janye, ta ce Sirilik za a yi, aka ƙara baƙi biyu a kan na Rasha don wasulan da Rashanci ba shi da su. Daga 1946 jarida da littafin makaranta da takardar ofis duk suka koma sabon rubutu. Cikin tsara ɗaya aka samu yaran da ba sa iya karanta wasiƙar kakansu.

Namu ya zo ta wata hanya. Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Garin da suka shiga gari ne na alƙalami. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai. Wasiƙun hukuma da littattafan fiƙihu da tarihi, irin su Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙat, da Larabci aka yi su. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari ma na Larabci ne, Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Amma in ana son magana ta isa ga manomi da makiyayi da matan cikin gida, sai a yi ta waƙa da Fulatanci ko Hausa, a rubuta da ajami. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙar mahaifinta Hausa da sunan Tabbat Haƙiƙa, ta kuma tsara wasu da dama. Jajojinta, wato matan da ta horar su koyar, suna ɗaukar waƙoƙin zuwa ƙauyuka, 'yan taru, ɗalibansu mata, suna haddacewa. Ƙanenta Isa ɗan Shehu shi ma ya mayar da waƙoƙi da yawa daga Fulatanci zuwa Hausa. Da ajami aka ilmantar da matan karkara a ƙasar nan shekaru da dama kafin a kafa makarantar boko ta farko.

Turawan farko sun san da haka. Robinson ya buga waƙoƙin Hausa da hoton ajaminsu a 1896. Tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya buga a littafi uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta su da ajami, da yawansu a lardin Sakkwato bisa neman Razdan Burdon, sannan aka juya su zuwa boko. Shi Burdon yana cikin masu ganin a bar ajami ya ci gaba da aiki. Ra'ayin Lugga da na 'yan mishan irin su Dokta Mila na Zariya ne ya rinjaya. Dalilansu a fili suke: jami'in Bature ba sai ya koyi baƙaƙen Larabci ba, injin buga takardu na Latin yana nan a shirye, kuma akwai masu son a rage ƙarfin malamai a harkar mulki. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912.

Ba zan tsaya ina zagin boko ba, da shi nake wannan rubutu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A waɗannan shekaru aka samar da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Adabin kasuwar Kano da rubutun matasa a waya duk 'ya'yan boko ne. Mongol ma ba sa musun cewa a zamanin Sirilik ne karatu ya game ƙasarsu, har ya zama da wuya ka sami baligin da bai iya ba. Abin da ya yi mana illa shi ne yadda aka fassara ilimi. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sunan kansa ya dasa wa mutane cewa wanda bai iya boko ba jahili ne, ko da ya sauke Alƙur'ani, ko da yana rubuta wasiƙa da lissafin bashin kasuwarsa da ajami. Har yau za ka ji dattijon da ya cika gafaka da rubutun hannunsa yana cewa shi bai yi karatu ba.

Abin da kowane rubutu ya iya, da abin da ya kasa

Masu sukar tsohon rubutun Mongol suna da hujja. Baƙi ɗaya ne ke wakiltar t da d, ɗaya ke wakiltar o da u, sai wanda ya san kalmar ne zai san wanne ake nufi. Ƙa'idar rubutun kuma ta tsaya a furucin ƙarni na 13, har sunan babban birninsu da baki ke cewa Ulanbatar, a takarda Ulaganbagatur ne. Masu sukar ajami su ma kusan hujjarsu ke nan. Rufu'a ɗaya ce ke ɗaukar o da u. Da yawan marubuta ba sa raba b da ɓ. Kowane malami da yadda ya gada daga malaminsa, ba wata hukuma da ta taɓa zama ta daidaita kowa ya bi.

Amma a dubi dabarar da magabata suka yi. Hausa na da sautukan da Larabci ba shi da su, sai suka ɗauki baƙaƙen da Bahaushe ba ya bukata suka ba su sabon aiki. Baƙin nan mai ɗigo uku da Larabawa ke furtawa da harshe tsakanin haƙora ya zama c. Angai ya zama g. Ɗa mai hannu ya ɗauki ɗ, in an ɗora masa ɗigo uku ya zama ts. Ɗigon imala da ke ƙarƙashin baƙi a ruwayar Warshu ya zama wasalin e. Kuma ajami yana nuna tsawon wasali, abin da boko ya yi watsi da shi. A boko, gashi na kai da gashi na nama rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba su. A ajami alif ɗin da ke bayan baƙin farko ya raba su tun a ido. Ga mai nazarin karin waƙa wannan babban abu ne, domin ma'aunin waƙar Hausa a kan doguwar gaɓa da gajera yake tafiya.

Akwai kuma batun da ya shafi Sakkwato kai tsaye. Sirilik na Mongoliya an gina shi ne a kan karin harshen Halha, na mutanen babban birni, alhali tsohon rubutun kowace ƙabila tana karanta shi da nata furucin. Shi ya sa Mongol na cikin ƙasar Sin, waɗanda sun fi na Mongoliya yawa kuma ba su taɓa barin tsohon rubutun ba, suke ganinsa a matsayin abin da ya haɗa su. Daidaitacciyar Hausar boko ita ma a kan Kananci aka gina ta. Yaron Unguwar Rogo yana cewa munka da sunka da anka a gida, yana cewa shina zuwa, yana cewa yat tahi, in ya rubuta haka a jarrabawa a ja masa jan biro. A takardun ajami na ƙarni na 19 kuwa, wannan Hausar tasa ita ce Hausar malamai, da ita aka yi wa'azi da madahu. Ranar da yaron nan ya karanta shafi ɗaya daga cikinsu da idonsa, zai daina jin cewa maganar gidansu kuskure ce.

Ka ɗauki irin wannan shafi ka duba da kyau. Takardar ba a ɗinke take ba, warwara ce ake tarawa tsakanin fata biyu a ɗaure da tsirkiya. In ka ɗaga ta ga haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta, alamar takardar Italiya ce da ta keto Sahara ta hannun fataken Tarabulus. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, wasulan kuma wani lokaci da ja aka ɗiga su. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, yadda mutanen Magrib suke yi. A can ƙasan shafi ta hagu an rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba, ita ce lambar shafi a wurinsu. In iska ta watsa takardun, wanda ya iya karatun ne kaɗai zai mayar da kowace mazauninta. Gara da ɗigon damina ba sa jira, amma ko an kare takarda daga gare su, in babu mai karantawa an yi asarar rabin aikin.

Wanda aka sa wa hukumar Unguwar Rogo sunansa ya fahimci wannan sarai. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya tattara takardun gidansu na Giɗaɗawa ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. A wurinsa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan daular a 1967. A wurinsa Jean Boyd ta sami waƙoƙin Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Yau ɗalibai a Amurka da Ingila suna karanta Nana a fassara. Jikokin 'yan tarunta da suka yi boko zalla kuwa sai dai su ma su nemi fassarar, ko wanda aka juya musu zuwa boko.

Komawar Mongol ga tsohon rubutunsu ba ta zo da sauƙi ba. Bayan sauyin siyasa na 1990 an yi shelar za a dawo da tsohon rubutu gaba ɗaya nan da 1994, abin ya gagara: babu isassun malamai, babu littattafai, iyaye kuma ba su iya ba balle su taimaki 'ya'yansu. Sai aka sassauta, aka mayar da shi darasi a makarantun sakandare. A 2013 UNESCO ta sa fasahar rubutun hannunsu cikin al'adun da ke bukatar ceton gaggawa. Dokar harshe ta 2015 da shirin gwamnati na 2020 su ne suka kai ga abin da aka fara a 2025, kuma ba su ce a jefar da Sirilik ba, cewa suka yi a riƙa biyun tare. Shekara 35 suka yi suna wannan fama, domin sai da suka bari igiyar ta kusa tsinkewa.

Tamu ba ta tsinke ba. Ba a rushe makarantun allonmu ba, ba a kashe malamanmu yadda aka kashe nasu ba. Kowace safiya da yamma a lungunan Sakkwato dubban yara suna wanke allo suna jan alƙalami da tawada, hannunsu ya saba da kowane baƙi. Yaron da ya iya farfaru, abin da ya rage masa ya karanta Hausa da ajami bai wuce a nuna masa baƙaƙe biyar ko shida da aka sauya wa aiki ba. Ana sayar da Imfirajin Aliyu Namangi da ƙananan littattafan wa'azi na ajami a bakin masallatai. Kamfanin Triumph na Kano ya taɓa fitar da jaridar Alfijir da ajami tun daga shekarun 1980. Kuma kowa yana yawo da ajami a aljihunsa: a jikin takardar ₦1000 an rubuta naira dubu da baƙaƙen Larabci, haka ₦500 da ₦200. An cire shi daga ₦5 zuwa ₦50 a 2007, an cire daga sabuwar ₦100 a 2014, har wani lauya ya kai ƙara a Legas yana neman a share sauran bisa cewa rubutun addini ne, kotu ta kori ƙarar a 2024. Abin da ya fi damuna a wannan muhawara shi ne yawan 'yan Arewa masu digiri da suka tashi kare rubutun alhali su ma sun ɗauka Larabci ne, ba su san Hausa ce ba.

Uzurin injin bugawa ma ya ƙare. Mongol sun fi mu shan wuya a nan, domin kwamfuta da waya an gina su ne don layin kwance, nasu kuma a tsaye yake. Tun 1999 aka shigar da baƙaƙensu cikin tsarin Unicode amma har yanzu manhajoji da yawa suna kwantar musu da shi. Namu yana tafiya a kan duk abin da Larabci ke tafiya a kai, kuma a 2016 an ƙara fa da ƙaf da nun irin na Warshu a tsarin. A Jami'ar Boston, Fallou Ngom da abokan aikinsa, ciki har da Mustapha Kurfi na Jami'ar Bayero, sun ɗauki hotunan dubban shafukan ajamin Hausa sun sa a intanet kyauta.

Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi suna koyar da ajami, amma kwas ɗaya ko biyu ne ga wanda ya riga ya girma, ya ci jarrabawa ya manta. Wurinsa na gaskiya shi ne darasin Hausa na firamare, inda mafi yawan yaran ajin sun riga sun san baƙaƙen daga makarantar allo ko Islamiyya. Zango ɗaya ya isa a fara. Ita kuma hukumar da ke Unguwar Rogo tana bukatar masu karatu fiye da yadda take bukatar sababbin kabad: alarammomi da malaman zaure da modibbai mata da za a ɗauka aiki da albashi, a haɗa kowannensu da ɗalibin da ya iya kwamfuta, ɗaya yana karantawa ɗaya yana juyawa zuwa boko, a buga shafin asali a dama, juyin a hagu. Akwai kuma takardun da ba su taɓa zuwa hukumar ba, suna cikin adaka da tukwane a gidajen Giɗaɗawa da Wurno da Gwandu da Salame, magada suna tsoron in sun bayar ba za a dawo musu da su ba. Waɗannan ba sai an raba su da masu su ba, a je da na'urar ɗaukar hoto har zaure, a ɗauka a gabansu, a bar musu kayansu da kwafi ɗaya a hannu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran izinin Abuja. Ma'aikatar ilimi ta jiha da majalisar Sarkin Musulmi da jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu suna iya zama su yanke shi a wannan shekarar karatu.